Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Bishop na Carlisle da hukumar Historic England kan gicciyen Gosforth da na Bewcastle

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Ni baƙo ne a ƙasarku, haifaffen birnin Kano, Musulmi, wanda aikin jinya ya kawo yammacin Cumbria, a arewa maso yammacin Ingila, 'yan shekarun nan. Na san akwai mai cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa Bakano da gicciyen dutse a maƙabartar coci? Zan zo kan wannan a gaba. Na rubuta da Hausa ne domin 'yan uwana da ke zaune a nan da waɗanda ke gida su ji abin da ya dame ni, fassararta kuma za ta iso teburinku.

Ranar da na fara ganin gicciyen Gosforth ba dominsa na fita ba. Na sauka daga aikin dare, barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauki mota da niyyar zuwa bakin tafkin Wastwater in sha iska. A ƙauyen Gosforth na tsaya neman shayi, na hango wani abu ja siriri tsaye a harabar cocin St Mary, tsakiyar kaburbura. Da na matsa kusa sai na ga ashe dutse ne guda ɗaya tilo, tsayinsa mita 4.4, wato ya ninka ni sau biyu da rabi. Gindinsa a mulmule yake kamar kututturen bishiya, an sassaƙa masa wani abu mai kama da ɓawo, daga tsakiya zuwa sama ya koma mai kusurwa huɗu, can ƙololuwa kuma ɗan ƙaramin kai mai zobe. Na zagaya shi sau biyu ban fahimci komai ba sai ƙulle-ƙullen da suka tuna mini da dagin da ake ɗinkawa a babbar riga.

Wata dattijuwa ce da ta zo canza furanni a wani kabari ta gan ni ina ta ɗaga kai. Ta ce in dawo gefen yamma, in ɗan rusuna. Ta nuna mini da yatsa, ba ta taɓa dutsen ba. Ga wani mutum a ɗaure hannu da ƙafa, ga maciji a samansa, ga mace durƙushe ta miƙa kwano. Ta ce wannan Loki ne na tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, alloli suka ɗaure shi, suka rataya maciji yana ɗiga masa dafi a fuska, matarsa Sigyn kuma tana tare dafin da kwano. In kwanon ya cika ta juya zubarwa, dafin ya sauka masa, ya yi birgima, ƙasa ta girgiza. Na ce, Mama, amma ai gicciye ne, me ya kawo tatsuniyar maguzawa a jikinsa? Ta yi dariya, ta ja ni gefen gabas. Nan ga Annabi Isa, hannuwa a buɗe yadda Kiristoci suka yi imani an gicciye shi, ƙasa da shi mutum riƙe da mashi da wata mace mai doguwar riga da kitso har baya. Can sama kuma Vidar ne, ɗaya daga cikin allolin tatsuniyar, ya cusa ƙafa a bakin wani mugun kyarkeci yana ɓare masa muƙamuƙi. Kafin ta tafi ta ce mini, in kana son ganinsu sosai ka zo da sassafe ko dab da faɗuwar rana, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, da tsakar rana kam sai ka ɗauka ba komai a jiki.

Wannan magana tata ta ƙarshe ce ta sa ni wannan rubutu.

Ku kun fi ni sanin darajar abin, amma bari in faɗa saboda masu karatu. An sassaƙa gicciyen Gosforth a rabin farko na ƙarni na 10, zamanin da 'yan Baikin, mayaƙan teku 'yan asalin arewacin Turai, suka tsallako tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan suka zauna a wannan gaɓa. Masassaƙin ya ɗauki labarin da jama'arsa suka gada na ƙarshen duniya, ya jera shi kafaɗa da kafaɗa da labarin sabon addini. Mutane sun yi ƙarnuka suna wucewa ta gabansa ba tare da sanin wa ke jiki ba, sai a shekarun 1880 wani limamin coci, Calverley, da likitan yankin, Charles Parker, suka gane su Loki ne. A cikin cocin ma akwai ƙannensa: duwatsun kabari biyu masu siffar gida mai tanƙwararren rufi, waɗanda aka tono daga harsashin ginin lokacin gyaran 1896 zuwa 1897, da wani guntu da ke nuna Thor, wani daga cikin allolinsu, a kwalekwale yana kamun kifi da kan sa a ƙugiya.

Na Bewcastle ya girme shi da shekara ɗari biyu ko fiye. Sai da na yi niyya ta musamman kafin na kai can, domin wurin yana can arewa maso gabashin Carlisle, kusa da iyakar Sikotlan, hanya siririya, tumaki sun fi mutane yawa. Cocin St Cuthbert na zaune ne a cikin kangon sansanin sojan Rumawa, dutsen kuma na tsaye a harabarsa tun ƙarshen ƙarni na 7 ko farkon na 8. Kansa ya ɓace tuntuni, gangar jikin kawai ta rage, ita ma wajen mita 4.4. A fuskar yamma akwai Annabi Yahaya ɗauke da ɗan rago, sai Annabi Isa tsaye a kan dabbobi biyu, sai can ƙasa wani mutum da tsuntsu kamar shaho. Gabas kuwa kurangar inabi ce ta nannaɗe tun daga ƙasa har sama, tsuntsaye da ƙananan dabbobi na cin 'ya'yanta. A kudu akwai agogon rana, wanda ake lissafawa a matsayin mafi tsufa irinsa da ya rage a Ingila. Amma abin da na fi daɗewa a gabansa shi ne allon rubutun da ke ƙarƙashin ƙafafun Annabi Isa, cikin tsoffin haruffan nan da ake kira run. Layukan na nan, ido na ganin cewa an yi rubutu, karantawa ce ta zama aiki. Masana sun fi shekara ɗari suna gardama a kansa. Wasu na karanta sunan Alcfrith, ɗan Sarki Oswiu na Northumbria, wasu na cewa abin da ya rage bai isa a rantse a kai ba. Wanda ya sassaƙa shi ya yi ne don kada a manta da wani mutum, ga shi yau sunan mutumin ne ake jayayya a kai.

Ranku ya daɗe, ba ɓarawo ne ya goge wannan rubutu ba, ruwan sama ne. Kuma Cumbria ba wurin wasa da ruwa ba ce. A watan Disambar 2015, lokacin guguwar Desmond, an auna milimita 341 cikin awa 24 a Honister, adadin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a Birtaniya. Duwatsun nan irin masu yashi-yashi ne, suna shan ruwa kamar tubalin ƙasa. Ruwa ya shiga ƙananan ramuka, dare ya yi sanyi ya daskare, ƙanƙara ta kumbura ta tura ƙwayoyin yashin, gari ya waye ta narke, gobe a maimaita. Gosforth kuma ba nisa da teku, iska na ɗauko gishiri ta shafa masa, gishirin ya bushe a cikin ramukan ya ci gaba da aikin da ƙanƙara ta fara. Ba a ganin ɓarnar a shekara ɗaya. Hancin mutum ne zai ɗan daskule, bakin kwanon Sigyn ya ɗan lafe, harafi ya koma tabo. Wanda ke wucewa kullum ba zai lura ba, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta.

Akwai ma'auni kuwa, kuma a hannunku yake. A 1882 an ɗauki kwafin gicciyen Gosforth da filasta, yana nan tsaye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, a zauren kwafe-kwafe. Na je na gan shi da hotunan da na ɗauka a waya. Ni ba masani ba ne, idon ma'aikacin jinya gare ni, wanda ya saba duba ciwo yau ya gwada da na jiya. Abin da idon nan ya gaya mini shi ne, gefunan zanen sun fi kaifi a jikin kwafin. Wato a Landan akwai fuskar dutsen kamar yadda take fiye da shekara 140 da suka wuce, a Gosforth kuma akwai fuskarsa ta yau. Da na'urar ɗaukar siffa ta leza, wadda yanzu ta zama ruwan dare a jami'o'i, ana iya ɗora ɗaya a kan ɗaya a faɗi milimita nawa suka tafi, kuma a wane gefe.

Na karanta dokarku gwargwadon iyawata. Duwatsun biyu na cikin jerin kayan tarihin da dokar 1979 ta ba kariya. Duk wanda zai taɓa su sai da izinin gwamnati ta hannun Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, wanda ya lalata kuma ya yi laifin da kotu za ta hukunta. Ta ɓangaren coci ma sai an nemi takardar izini daga alƙalin dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, bayan kwamitin ba da shawara ya duba. Ƙofa biyu ke nan, kowace da kwaɗonta, kuma na yaba. Sai dai dokar ta hana hannu ne kawai. Ba ta wajabta wa mai abu ya kula da shi ba. Mutum zai iya zama ya naɗe hannu dutsen ya narke a gabansa, bai karya doka ko ɗaya ba.

To wa ke ɗauke da nauyin a zahiri? Majalisar cocin ƙauye. Na yi jinyar irin waɗannan mutane, na san su. Dattawa ne 'yan kaɗan, yawancinsu sun yi ritaya, suna haɗa kuɗin gyaran rufi da sayar da kek da shayi ranar Asabar. Limami ɗaya na zagaya coci uku ko huɗu. Rufi na yoyo, na'urar ɗumama ɗaki ta tsufa, kuɗin inshora na jira. A cikin wannan lissafi dutsen da ya yi shekara dubu a tsaye bai faɗi ba, dole ya koma ƙarshen layi. Ban ga laifinsu ba. An ɗora wa ƙauye kayan da duk Turai ke alfahari da shi, an ce ya riƙe da kuɗin baikon da ake tarawa a coci.

Kuma wani lokaci son abin ne ke cutar da shi. A wani coci dabam, wanda ba zan ambata ba, na tarar da wani bawan Allah da bokiti da burushin ƙarfe yana kankare gansakukar da ta fito a kan wani tsohon guntun gicciye, saboda baƙi za su zo biki. Ruwan bokitin ya yi ja. Na ce masa, Baba, wannan jan ai dutsen ne. Ya duba, ya ajiye burushin, jikinsa ya yi sanyi. Ba wanda ya taɓa gaya masa. A gindin dutsen kuma ga zane-zanen da injin yankan ciyawa ya bari. Takarda guda mai shafi ɗaya da aka manna a ɗakin ajiyar kayan aiki da ta hana duka biyun.

Tarihinku ya nuna cewa abin da ya rage kaɗan ne daga abin da aka yi. A 1643 Majalisar Dokoki ta ba da umarnin rushe gicciye a coci da harabarsa a matsayin kayan bautar gumaka, shi ya sa a ƙauyuka da yawa sai dai ka tarar da matakala da guntun turke. A Gosforth ɗin kanta akwai gicciye na biyu da aka sare a 1789 don a yi wa agogon rana gindi. Na Ruthwell, tagwayen na Bewcastle da ke tsallaken iyaka a Sikotlan, an farfasa shi a 1642 bisa hukuncin majalisar cocin ƙasar. Limamin wurin, Henry Duncan, shi ya tattara gutsattsarin ya sake tayar da shi a lambun gidansa a 1823, sannan a 1887 aka gina masa lungu na musamman aka shigar da shi cikin coci. Duk wanda ya je Ruthwell da safe ya wuce Bewcastle da yamma, zai ga ɗaya a ɗaki a bushe, ɗaya a fili ruwa na dukansa.

Maƙwabtanku sun gwada hanyoyi dabam-dabam. A Clonmacnoise ta Ailan, a farkon shekarun 1990, sun kwashe manyan gicciyen zuwa cikin gini suka kafa kwafi a gurbinsu. A Forres ta Sikotlan an rufe Dutsen Sueno, mai fiye da mita 6, da ɗakin gilashi. Denmak ta yi wa duwatsun Jelling irin haka a 2011. Gicciyen Dupplin na Sikotlan kuwa rigima aka sha a kansa tsakanin masu son kai shi Edinburgh da mutanen yankin, har aka daidaita, ya ɗan zauna a gidan tarihi na ƙasa, a 2002 aka dawo da shi yankinsa, aka ajiye shi a cocin St Serf da ke Dunning. Wadda ta fi kwanta mini ita ce mafi arha. A Aberlemno ta Sikotlan, inda akwai dutse mai gicciye a harabar coci kamar naku, akwatin katako ake kifa wa duwatsun in hunturu ya shigo, a buɗe su in sanyi ya wuce.

Ga ra'ayina, in baƙo na da ra'ayi. Kada a kai ɗayansu birni. Na Bewcastle na tsaye ne a inda masu shi suka kafa shi, kuma agogon rana da aka shigar ɗaki ya tashi daga aiki. Na Gosforth siriri ne ƙwarai, ɗaga shi kaɗai kasada ce, kuskure ɗaya na mai ƙugiya zai yi ɓarnar da ruwan shekara ɗari bai yi ba. Ɗakin gilashi kuma, gaskiya, ban so shi ba. Na ga hotunan na Forres, sai ka ce majinyaci a ɗakin kulawa ta musamman, ana leƙensa ta taga. Amma ƙin so na ba hujja ba ce. In awo ya nuna dutsen na tafiya da sauri, to gara majinyaci a ɗaki da gawa a fili, kuma a lokacin ma cocinsa ne ya fi cancanta da shi, kamar yadda aka yi a Ruthwell.

Saboda haka abin da nake roƙo na farko shi ne awon. A ɗauki siffar duwatsun biyu da leza, a gwada na Gosforth da kwafin 1882, a riƙa maimaitawa. Dama duk shekara biyar masanin gini na zuwa duba kowane coci bisa dokar cocinku. A haɗa masa da ƙwararren mai kula da dutse a wannan zuwan, kuɗinsa kuma ya fito daga sama, kada ya fito daga farantin baiko. Sakamakon a rubuta shi da harshen da kowa zai gane, a manna a allon sanarwar coci, dattijuwar nan mai furanni ta karanta. Jami'ar Durham ta riga ta yi babban aikin tattara bayanan sassaƙen duwatsun wannan zamani a ƙarƙashin marigayiya Rosemary Cramp, kundin da ya shafi Cumbria ya fito tun 1988, don haka ba daga tushe za a fara ba.

Sannan a gwada rufin hunturu, ko da na 'yan shekaru ne, a ga ko awon ya canza. A tuntuɓi mutanen ƙauyen kafin a yanke hukunci, a zauren taronsu, da yamma bayan an tashi aiki. Kuma a sauƙaƙa musu takardu. Tallafi na nan, daga gare ku da kuma asusun kayan tarihi na cacar ƙasa, amma fom mai shafuka barkatai da izini daga ofis biyu na iya sa dattijo ɗan shekara 75 ya haƙura. Mutum ɗaya a dayosis da aikinsa shi ne riƙe hannun irin waɗannan majalisu har su kai ƙarshen takardun zai wadatar. Ba Gosforth da Bewcastle kaɗai zai amfana ba. Ga na Irton, tafiyar 'yan mintuna daga Gosforth, wanda har yau kansa na nan. Ga na harabar cocin St Andrew a Penrith. Ga wasu da yawa da ba su da suna a littattafan 'yan yawon buɗe ido.

Na yi alkawarin faɗin abin da ya haɗa ni da wannan magana. Na tashi ina hawa ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce. Muna yara mukan hau mu hango unguwanni, mu gangaro da gudu. Ita ma tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, doka ta ba ta kariya a takarda. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya ce a rushe ta duka. Damina ta ɗebi nata, mai yin tubali ya ɗebi nasa, mai neman fili ya ɗan matso. Zuwana gida na ƙarshe na kai ɗana wurin da muke hawa, na tsaya ina kwatanta masa tsayinta da hannu, yana kallon shaguna.

Makon jiya na koma Gosforth dab da magariba, kamar yadda aka koya mini. Rana ta fito daga ƙarƙashin gajimare na 'yan mintuna, Sigyn ta bayyana da kwanonta, na ga har igiyar da ke ƙafar mijinta. Sai yayyafi ya dawo, na koma mota.

Ina jiran amsarku, kuma in an kira taro a ƙauyen zan nemi canjin aiki in halarta.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin jinya daga Kano, mazaunin yammacin Cumbria